Hattara Da Haɗin Kemis, Ƙodar Iyaye Na Cikin Haɗari

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ko kuwa yakan ratsa kasuwannin Jega, Kamba, Bunza da Augie ranar cinsu, ba sai an ba shi labarin yadda cinikin magani ya koma tamkar cinikin goro ba. Ga shagunan kemis a kowane lungu, ga masu yawo da akwatin ƙwayoyi a ka cikin tsananin rana, ga kuma motoci da lasifika suna shelar kwalba ɗaya da wai take warkar da cuta arba'in. Waɗanda suka fi kowa shan waɗannan magunguna su ne dattawa maza da mata, saboda tsufa ba ya zuwa shi kaɗai, yakan taho da ciwon gwiwa, ciwon baya, hawan jini da ciwon suga. To amma abin lura a nan shi ne, ba kasafai dattijo yake taka ƙafarsa zuwa kemis ba. 'Ya'ya da jikoki ake aika. Da hannun matashi ƙwayar take shiga gida, sau da yawa ma da kuɗinsa. Wannan ne ya sa maganar ƙodar tsofaffi ta zama maganar matasa kafin kowa.

Al'adar sananniya ce. Dattijo ya wuni a fadama yana dashen shinkafa, ko ya wuni cikin gulbi yana jan koma, ya dawo da almuru gaɓɓansa duk sun yi tsami. Sai ya ce, "Kai yaro, tafi kemis ka amso mini haɗin ciwon jiki." Mai shago ya ɓallo ƙwayoyi huɗu ko biyar daga kwalaye dabam-dabam, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a 'yar leda. Babu suna a jiki, babu adadin ƙarfin magani, babu ranar da zai lalace. Tsoho ya watsa a baki ya kora da ruwa, jiki ya saki, ya yi barci mai daɗi, gari ya waye ya shi wa yaro albarka. Gobe haka, jibi haka, har abin ya zama kamar abincin dare, wata da watanni, shekara da shekaru. Yaron da ake aika yana ganin biyayya yake yi, kuma lalle niyyarsa kyakkyawa ce. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta canza abin da ƙwaya take yi a cikin jini.

Domin a gane girman lamarin, ya kamata a san aikin ƙoda tukuna. Allah Ya hore wa ɗan Adam ƙoda biyu a bayan cikinsa, kowace girmanta bai wuce dunƙulen hannunsa ba. A cikin kowace ɗaya akwai 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take turawa ta ƙoda yake bi. A kwana ɗaya ƙodar mai lafiya takan tace ruwan jini kimanin lita 180, ta mayar da kusan dukkansa cikin jiki, ta fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari, ɗauke da dattin da jiki ba ya bukata. Ita ce kuma take daidaita gishiri da ruwa, take taimakawa wajen riƙe bugun jini kada ya hau, take ba ɓargo umarnin ƙera sabon jini. Bugu da ƙari, da yawa daga magungunan da mutum yake sha ta ƙoda suke fita. Ke nan idan ta yi rauni, maganin da ya kamata ya fita cikin 'yan sa'o'i sai ya taru a jiki ya koma guba.

Ita kuwa ƙoda tana tsufa kamar yadda ido da gwiwa suke tsufa. Daga wajen shekara 40 ƙarfin tacewarta yakan fara ja da baya kaɗan-kaɗan kowace shekara, ko da mutum ba shi da wata cuta. Dattijo mai shekara 70 yana iya zama garau a ido, yana noma yana zuwa masallaci da ƙafarsa, alhali ƙodarsa ba ta da rarar ƙarfin da take da shi sa'ad da yake saurayi. Idan aka ƙara masa hawan jini ko ciwon suga, waɗanda su ne manyan dalilan lalacewar ƙoda a duniya, to rarar ta ƙara raguwa. Shi ya sa ƙwayar da saurayi mai shekara 25 zai sha ya kwana lafiya, ita ce za ta iya kwantar da mahaifinsa. Mai kemis da yake ba uba da ɗa haɗi iri ɗaya, adadi ɗaya, ya nuna bai san wannan ba, ko kuwa ya sani bai damu ba.

Magungunan da suka fi yin ɓarna su ne dangin masu kashe zafin ciwo da kumburi. Ga sunayensu yadda ake rubuta su a jikin kwali, domin kowane matashi ya haddace: Diclofenac, Ibuprofen, Piroxicam, Naproxen da Indomethacin. Na ƙarshen nan shi ne wanda jama'a da dama a ƙasar nan suke barbaɗawa a abinci don kashe ɓera, abin da ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Yadda suke aiki shi ne, suna toshe wani sinadari da jiki yake ƙerawa wanda yake jawo jin zafi da kumburi. Matsalar ita ce wannan sinadarin shi ne kuma yake buɗe hanyar jinin da ke shiga matatan ƙoda, musamman a lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Da an toshe shi sai hanyar ta tsuke, jini ya ragu, ƙoda ta shiga ƙishi. Ban da haka suna ɗaga hawan jini, suna tara ruwa a ƙafa, suna kuma ƙwaƙule bangon ciki har ya yi gyambo ya riƙa zubar da jini. Abin takaici, haɗi guda yakan ƙunshi biyu daga cikin wannan dangi a lokaci ɗaya, wani lokaci a ƙara da Dexamethasone ko Prednisolone, waɗanda su kuma suke tayar da suga da hawan jini idan aka daɗe ana sha.

Yanayin ƙasar Kabi yana ƙara wa abin muni. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a kwarin gulbin Rima yakan haura digiri 40, kuma daidai lokacin ne aikin shinkafar rani yake kan ganiyarsa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017, aikin fadama ya ƙaru, kuma dattawa ba su zauna a gida ba. Mutumin da ya wuni yana zuba gumi, fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi ja, to ƙodarsa tana cikin matsi tun kafin ya sha komai. Ya zo ya ɗora mata Diclofenac da dare, ya zama an ƙara wa jaki mai ɗingishi kaya. Haka abin yake ga wanda amai da gudawa ko zazzaɓin cizon sauro suka tsotse wa ruwa. Haka kuma ga mai azumi, musamman a shekaru irin na 2020 zuwa 2024 da watan Ramadan ya yi ta faɗowa a tsakiyar bazara, inda wasu dattawa suka mayar da haɗin ciwon jiki abin kora sahur.

Akwai wata gamayya ta magunguna uku da likitoci a ko'ina suke gargaɗi a kanta. Na ɗaya maganin hawan jini irin su Lisinopril ko Losartan. Na biyu maganin sa fitsari irin su Furosemide ko Hydrochlorothiazide. Na uku ɗaya daga cikin masu kashe zafin ciwon nan da aka ambata. Biyun farko magunguna ne na ƙwarai, likita ne yake rubuta su, kuma bilhasali na farkon yana kare ƙodar mai ciwon suga. Amma idan na ukun ya shigo, sai a samu ɗaya ya rage ruwan jiki, ɗaya ya tsuke hanyar shigar jini, ɗaya ya saki hanyar fitarsa, matsin da matata take bukata don ta yi aiki ya faɗi gaba ɗaya. Cikin 'yan kwanaki ƙoda tana iya tsayawa. Likitan da ya rubuta na hawan jini a asibiti bai san da haɗin da ake sayowa da dare ba, mai kemis kuma bai tambayi abin da aka rubuta a asibiti ba. Mutum ɗaya ne kawai yake ganin ledojin biyu, shi ne yaron da ake aika.

Sai kuma batun allura, wadda jama'a suka ɗauka ta fi ƙwaya ƙarfi da saurin aiki, har wani ba ya jin an yi masa magani sai an tsira masa ita. Allurar Gentamicin, da ake yawan yi wa mutane a bayan kanta da sunan maganin sanyi ko taifod, sananniya ce wajen illata ƙoda da kuma kashe ji. Saboda haka ne hukumar NAFDAC ta haramta mai ƙarfin miligiram 280 a shekarar 2010. Ƙaramar tana da amfaninta a asibiti, inda ake auna nauyin mutum da ƙarfin ƙodarsa kafin a yi masa, ba a lungun shago ba. Masu ciwon suga su ma suna da nasu haɗarin. Metformin ta ƙoda yake fita, don haka likita yakan rage shi ko ya dakatar idan ƙoda ta yi rauni sosai. Glibenclamide kuwa yakan daɗe a jikin tsoho mai raunin ƙoda, ya kayar da sugarsa ƙasa har ya suma, a zaci iska ce ko shanyewar ɓarin jiki.

Masu cewa sun huta da wannan duka tunda su na gargajiya suke sha, su ma su saurara. Ba a musun cewa Allah Ya sanya waraka a itatuwa, kuma magungunan asibiti da dama daga tsiro aka samo su. Amma tsiro ma yana da dafi, kuma jiƙon da ake sayarwa a jarka babu wanda ya san ma'auninsa. Wani ana zuba masa kanwa mai yawa, wani kuma an sha samun marasa tsoron Allah suna niƙa ƙwayoyin asibiti su zuba a ciki don mai saye ya ji aiki nan take. Maganin basir ko na dattin ciki da yake sa tsoho zawo kwana biyu ruwan jikinsa yake kwashewa. A farkon shekarun 1990, a birnin Burusel na ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda mai tsanani bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro daga ƙasar Sin bisa kuskure, da yawansu sai da aka kai ga wanki ko dashe. Idan haka ta faru a ƙasar da take da ɗakunan bincike, ina ga kwalbar da aka cika a bayan mota?

Tarihi ya riga ya ba da darasi a kan shan ƙwayar ciwon jiki kullum. A shekarun 1950 likitoci a ƙasar Suwizalan suka lura ma'aikatan masana'antun agogo suna yawan mutuwa da ciwon ƙoda. Da aka bincika sai aka tarar al'adarsu ce shan haɗin maganin ciwon kai mai ɗauke da Phenacetin kowace rana don su jure aiki. Ƙasashe suka yi ta janye shi daga kasuwa, Amurka ta haramta shi a 1983, irin wannan ciwon ƙoda kuma ya ja baya sosai. A yau manoman shinkafa a arewa ta tsakiyar Siri Lanka da masu yankan rake a Nikaraguwa da Elsalbado suna fama da ciwon ƙoda da masana suke danganta shi da abubuwa da dama, cikinsu har da aiki a zafin rana da ƙarancin shan ruwa. Ba sai an je nesa ba ma, Gashuwa a Jihar Yobe, wadda ita ma garin gulbi ce da shinkafa da kifi, ta daɗe da shahara da yawan masu ciwon ƙoda, har masana suka shiga binciken musabbabinsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga kuma annobar jabu da gurɓataccen magani. A 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Nijeriya, akasari a Jos da Ibadan, bayan sun sha ruwan Paracetamol da aka haɗa da wani sinadarin masana'antu mai kashe ƙoda. A 2008 zuwa 2009 irin wannan sinadarin a cikin maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84, cikinsu har da waɗanda aka kwantar a Zariya. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya ta hanyar maganin tari mai irin wannan gurɓata. Waɗannan yara ne, amma darasin ya shafi tsofaffi, domin ƙodar jariri da ta tsoho su ne mafi rauni. An kafa NAFDAC a 1993 don tsare al'umma daga irin wannan, kuma duk maganin da ta yi wa rajista yana ɗauke da lambarta a kwali. To ƙwayar da aka ɓallo aka ƙulle a leda, ina za a duba lambarta? Wadda kuma ta wuni a kan tire cikin rana a tasha, ko ta gaskiya ce zafi ya riga ya taɓa ta.

Babban abin tsoro game da ciwon ƙoda shi ne ba ya sallama. Mutum yana iya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa bai ji komai ba. Sai tafiya ta yi nisa ake ganin kumburin ƙafa da fuska, kumfa a fitsari, yawan tashi fitsari da dare ko ƙarancinsa, kasala, tashin zuciya, ƙaiƙayin jiki, shaƙuwa da ƙarancin jini. A nan ma sai a ce shawara ce ko sammu, a ƙara wani jiƙon. Alhali awo uku masu sauƙi suna iya tona asirin cutar tun da wuri: awon hawan jini, awon fitsari don a ga ko sinadarin gina jiki yana zurarewa, da awon jini na kiriyatinin wanda da shi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Idan lissafin ya tsaya ƙasa da 60 har wata uku, ciwon ƙoda ya tabbata. Idan ya faɗi ƙasa da 15, ƙoda ta gaza. Dattijon da fitsari yake yi masa gardama saboda kumburin ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, da masuncin da ya daɗe da tsargiya, su ma suna bukatar a duba su, domin fitsarin da ya kasa fita baya yake komawa ya danne ƙoda.

Idan ƙoda ta gaza, abin da ya rage shi ne wanki da na'ura ko dashe. Wankin da ya dace sau uku ne a mako, kowane zama kimanin sa'a huɗu, har iyakar rayuwa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zama ɗaya daga naira dubu 50 zuwa dubu 12 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. Ko a kan wannan ragin, mai lissafi ya buga ya gani: zama uku a mako naira dubu 36 ke nan, a wata ya haura dubu 140, ban da kuɗin mota, ƙarin jini, magunguna da abincin masu jinya. Buhun shinkafa nawa manomin Argungu zai sayar kowane wata? Dashen ƙoda kuwa, wanda aka fara a Legas a 2000, aka fara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 2002, miliyoyin naira yake ci, sai kuma an sami ɗan'uwa mai bayarwa, da magani na har abada. Gidaje da dama sun sayar da gona da shanu, daga baya kuma aka rasa majinyacin. Kuɗin awon shekara guda bai kai na zaman wanki ɗaya ba.

Wani zai ce, ai talauci ne, mutumin ƙauye ba shi da likita sai mai kemis, asibiti nesa, layi dogo, kati da kuɗi. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya yi watsi da ita bai yi adalci ba. Mai kemis yana cike wani giɓi da hukuma ta bari, kuma a cikinsu akwai masu amana da suke tura mutum asibiti idan abu ya fi ƙarfinsu. Amma talauci hujja ce ta ƙara taka-tsantsan, domin mai kuɗi idan ƙodarsa ta tsaya yana da inda za shi, talaka ba shi da shi. Araha ba ta ado, kuma haɗin naira ɗari biyu da zai kai gida ga sayar da gona ba araha ba ne. Masu shagunan magani, waɗanda da yawansu matasa ne masu karanta wannan shafi, su sani lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa take ba su yana da iyaka, bai ba su izinin yin allura ko ƙirƙiro haɗi ba. Sayar wa tsoho abin da aka san zai cuce shi ha'inci ne, ko da shi ya roƙa, kuma ribar da ke cikinsa ba ta da albarka.

Hukumomi su ma ba su tsira daga tambaya ba. Jihar Kebbi, da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991, ta haura shekara 30, tana da asibitin tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, da babban asibiti a Kalgo da Argungu da sauran manyan garuruwa. Abin da ya dace shi ne a sauko da awon hawan jini, na suga da na fitsari zuwa kowane ƙaramin asibitin mazaɓa, a sauƙaƙa awon kiriyatinin a kowane babban asibiti, a kuma sa dattawa marasa ƙarfi a sahun gaba cikin shirin taimakekeniyar lafiya na hukumar KECHEMA. A hana tallar magani a tasha da kasuwa da gaske, ba kamen kwana biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwar magani tun 2017, ana kuma kiyasin mutum miliyan 850 ne suke da wani nau'in ciwon ƙoda a duniya. Ranar Ƙoda ta Duniya, Alhamis ta biyu a watan Maris, tana zuwa daidai shigowar zafi, ta isa a yi amfani da ita a rediyo da masallatai da fadojin hakimai.

To amma matashi ba zai naɗe hannu yana jiran hukuma ba. Abu na farko, ya tattara duk magungunan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko kakarsa suke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ya zuba a jaka ɗaya ya kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani ya duba, kada ya ɓoye ko ɗaya don kunya. Na biyu, ya daina karɓar ƙwayar da ba ta cikin kwalinta ko fallenta mai suna, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Na uku, duk wanda zai ba da magani a gaya masa shekarun mai shan, da ko yana da hawan jini, suga, gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Na huɗu, ga ciwon jiki na yau da kullum Paracetamol ya fi sauƙi ga ƙoda, amma shi ma yana da iyaka saboda hanta: kada tsoho ya wuce giram uku a yini, wato ƙwaya shida masu miligiram 500, a rarrabe, sai da izinin likita. Man shafawa da gashi da ruwan ɗumi da rage nauyin aiki sukan taimaka wa gwiwa ƙwarai.

Na biyar, ranar da tsoho mai shan maganin hawan jini, na sa fitsari ko na suga ya kamu da amai da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da suga, a kuma kai shi ga ma'aikacin lafiya a ranar, domin wasu magungunan akan dakatar da su har ya warware. Kada dai a dakatar da maganin hawan jini da ka don an ji sauƙi, haka ma ƙaramar Aspirin da likita ya rubuta saboda zuciya. Na shida, a tanadi tsaftataccen ruwa a gona, a huta a inuwa da tsakar rana, sai fa wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda kumburi ko ciwon zuciya. A rage gishiri, dunƙulen miya da kanwa a tukunyar tsofaffi. Na bakwai, a kai duk wanda ya haura shekara 60, ko mai hawan jini ko suga, awon ƙoda sau ɗaya a shekara, a ajiye takardar sakamako. Mai ciwon ƙoda kuma ya ga likita kafin Ramadan ya kama, domin shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma karɓar rangwamen ba raunin imani ba ne.

Saura wuya guda, wato yadda ɗa zai ce wa uba a'a. Ba a yi wa mahaifi tsawa, ba a kuma ƙi aikensa a juya baya. Sai a durƙusa a ce, "Baba, wannan haɗin an ce yana taɓa ƙoda, ka yi haƙuri gobe in ɗauke ka a babur a je a duba ka, kuɗin awo yana wuyana." Idan Inna ce, a bi ta hannun 'yar'uwarta ko wadda take jin maganarta. Idan tsoho ya kafe, a nemi amininsa ko limamin unguwa ya sa baki. Kyautata wa iyaye da addini ya wajabta ya haɗa da tsare musu lafiya, kuma saurayin da yake iya kashe kuɗi a kan waya da katin kira kowane mako ba shi da uzurin cewa awon shekara ya gagare shi. Ƙungiyoyin matasa da 'yan agaji suna iya haɗa kuɗi su sayi na'urar awon hawan jini, su gayyato ma'aikacin lafiya ya riƙa auna dattawan unguwa bayan sallar Juma'a. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kuma ba matasa ikon sauke haƙƙin iyayensu tun suna raye.